Ruwan Lagireto

Daren Talata, Sabon Birni, bana ma damina ta ƙi

Alhamdu lillahi, jar motata ta tashi. Tun hantsi nike ƙarƙashinta. Na goge filogi, na sake bel, na liƙe tayar baya. Tsohuwar mota ce, kujera biyu, ba rufi, wadda Baturen haƙar rijiyoyi ya sayar mini, amma da ta yi ruri sai da awaki suka watse.

Saura ruwa. Lagireto mai sanyaya inji ba ya son laka, rijiyarmu kuwa laka kawai take bayarwa. Jibi za ni Zariya in ɗauko ƙanwata Hajo ta zo goyon ciki, ga rairayin hanya, ga rana. Na zauna na yi tagumi.

Sai ga Inna, ita da ba ta kiran motar nan komai sai "kwandon Nasara".

Ta ce, "Tashi ka ɗauko wancan tulun."

Na buɗe, ruwa garau kamar na sama. Ashe tun ranar da na ce za ni, duk gugan da aka jawo sai ta rage kaɗan, ta tace da kallabinta, ta bari ya kwanta. Shi ya sa kwanan nan furarta ke kauri.

Na ce, "Inna, na shanki ne fa."

"Ba don kwandonka na yi ba. Kai dai kawo mini ɗiyata."

Na cika lagireto, sauran na bari a tulun na ɗaure shi bayan kujera. Bayan isha'i na hango Inna tana bin tayoyin ɗaya-ɗaya tana tofa musu addu'a, tana waige kada in gani.