Jikata Ta Ce Da Gangan Ta Kuskure Barewar

Malama Maxine, ki taimake ni da shawara, don na gaji da maganar nan a cikina. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji biyar na bar makaranta na shiga injin yanka katako, na yi shekara arba'in da ɗaya a ciki har suka rufe shi ba ko sannu. Yanzu shekarata saba'in da tara. Matata Loretta ta rasu, ɗana yana Texas, sai ya ga dama yake kira.

Maganar jikata ce, Shelby. Ni da Loretta muka raine ta tun tana shekara huɗu. Da ta cika sha biyu na kai ta farautar barewa ranar buɗe kakar farauta, kamar yadda ubana ya kai ni. Wani ƙaton namijin barewa ya fito ya tsaya mata kamar an ɗaure shi. Ta harba, ta kuskure. To, kin san ƙa'idar bukkar farauta: wanda ya kuskure, a yanke masa bayan riga a kafe a bango da sunansa. An yanke nawa sau uku. Na yanke nata da hannuna, maza suka yi shewa, ni kuwa daɗi nake ji, don a wurina ranar ce ta zama ɗaya daga cikinmu.

Yanzu tana jami'a a Pittsburgh, wai tana koyon rubuta labari. Ban san abin koyo ne ba, amma ban hana ba. Sati uku da suka wuce na shiga shagon da muke shan kofi da safe, na tarar da Vernon, abokina da ba ya iya riƙe bakinsa, da wata mujalla a hannu. Ya ce in zo in zauna, yau ga dodon labari da kansa ya iso. Ya ɗaga murya ya fara karantawa a gaban kowa. Ashe labarin da Shelby ta rubuta ne aka buga. Ta canza mini suna, amma har da ɗingishina ta sa, da warin taba da man inji. Ta rubuta cewa da gangan ta ɗaga bakin bindigar sama. Wai da aka yanke mata riga maza suna dariya, a nan ta san ita ba 'yar wannan garin namu na kan dutse ba ce, kuma wata rana za ta tafi. Wai kakan bai taɓa tambayarta abin da take so ba. Ban jira ƙarshe ba, na ajiye kofin na fita.

Shekara goma ina nuna wa baƙi tsumman nan a bango da alfahari, ashe ni ake kallo. In abin ya dame ta, ba ga ni a gida ba? Sai ta gaya wa mutanen birni da ba su taɓa ganin ta da zazzaɓi ba? Wa ya koya mata tuƙi? Ta kira sau shida, ban ɗauka ba. Ta aiko da kati wai ranar Asabar mai zuwa za ta karanta labarin a gaban jama'a, ta ajiye mini kujera a gaba. In je in zauna a nuna ni da yatsa? Ga shafukan nan na haɗo miki, daga baya na karɓe su daga hannun Vernon, ban ko buɗe ba. Ni dai na ce ba ni zuwa. Amma gidan ya yi mini shiru da yawa.

Tsohon Maharbi, Pennsylvania

Baba Maharbi, sannu da wannan nauyi. Kana da gaskiya a wuri guda: bai kamata ka ji labarin nan daga bakin Vernon ba. Ya kamata Shelby ta kawo maka shi da kanta kafin a buga. Wannan kuskurenta ne, kuma kana iya gaya mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Amma tsumman da ke bango abu biyu ne. A wurinka alamar karɓarta cikin maharba ce, a wurin yarinya 'yar sha biyu kunya ce, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Ta ɓoye maka shekara goma don tana tsoron ka daina kallonta da wannan alfaharin. Matasan da ke koyon rubutu kusan duk daga nan suke farawa, daga gidan da suka tashi da mutumin da ya fi cika musu ido. Ba su ɓata shafi goma sha ɗaya a kan wanda ba su damu da shi ba.

Na karanta shafukan har ƙarshe. Ka fita a na bakwai. A na tara, kakan da yarinyar suna cikin a-kori-kura a hanyar gida, sanyi na shigar mata ta inda aka yanke rigar. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufa mata, ya yi tuƙin awa guda da 'yar shara a jikinsa. Wataƙila kai ka manta. Ita ta riƙe har launin kwat ɗin. Sauran shafi biyun ba zan gaya maka ba, naka ne.

Ga shawarata. Na mayar maka da shafukan, ka zauna ka karanta da kanka, a hankali, ko zai ɗauke ka kwana biyu. Sannan ka kira ta kafin Asabar, ka faɗa mata abin da ya yi maka ciwo, ka kuma bar ta ta yi magana har ta gama. In kujerar gaba ta yi maka tsirara, ka ce ta ba ka ta baya kusa da ƙofa. Amma ka je. Yarinyar da ta kira sau shida za ta kira na bakwai, wataƙila na takwas, daga nan kuma za ta koyi daina kira, kuma a shekarunka ba ka da lokacin da za ka sake koya mata.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kai ka Pittsburgh lafiya.

Maxine