Hannun da Ake Kallo Daga Sama

Zuwa ga yayana kuma maigidana a wajen aiki, Malam Bala, a Tudun Wadan Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Asabe da yara da jikoki. Yaya gwiwa? Yaya kajin da ka ce za su mayar da kai attajiri? Allah Ya sa ba su gama cinye jarin ba.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Na buga, Yaya, ba sau ɗaya ba. Amma ka san wayarmu. Kafin mu gama yaya gida yaya sanyi, wane ya rasu wance ta haihu, jika ya fizge wayar zai gaida Baban Amurka, sai layi ya yanke. Maganar da ke bakina kuwa ba ta shiga tsakanin gaisuwa da gaisuwa. Shi ya sa na rubuta na sa a shafina, inda ƴarka Maryam za ta gani ta karanta maka. Duk wanda ya leƙo ya karanta, bismilla, yanzu ba abin ɓoyo ba ne.

Yaya, hannuna na dama ya fara rawa.

Tun kafin azumin bana na lura. Na ɗauki kofin shayi a gidan abincin ƴan Nijar ɗin nan da muke zama, sai na ji cokali yana ƙara a ciki, ni kuwa ban motsa shi ba. Na ce gajiya ce. Da abin ya ƙi tafiya na je asibiti. Likita ya sa na miƙe hannu, ya sa na taɓa hancina kamar yaron firamare, sannan ya ce irin wadda ba ta warkewa ce, magani zai rage ta amma ta zo zama. Na fito na tsaya a bakin titi ina duba sunayen da ke wayata, ban ga wanda zan gaya wa ba. Na mayar da ita aljihu na shiga jirgin ƙasa.

Ka yi haƙuri zan ɗan yi bayanin abin da kai ka koya mini, don Maryam ba ta taɓa ganin rota ba. Ka gaya mata ƙatuwar sandar ƙarfe ce da ke kwance a cikin injin tashar wutar lantarki, ta fi tirela tsawo, jikinta jere da fukafukai. Tururi ya buge su ta juya, juyawarta ta ba gari wuta. Ka gaya mata idan zafi ya wuce sanyi bai kama ba, sai a kashe injin, mu cire murfi, mu ɗaga ta da kiren, injin ɗaga kayan nan da ke gudu a kan dogo can kusa da rufi, a gyara ta mu mayar. Nauyinta ya fi na tireloli da yawa cike da siminti, amma ratar da ke tsakanin bakin fukafukan da jikin injin ba ta fi kaurin kwali ba. Direban kiren yana can sama, ba ya ganin wannan rata. Hannun mutum ɗaya kawai yake kallo a ƙasa. A da hannunka ne. Da ka tafi ya zama nawa.

Ka tuna ranar da na fara tsayawa wajen ɗagawa? Ka ciro ni daga tuƙin tasi, ka ce kunya ce fita guda, mai gyaran injin masaƙar Kaduna, ya ƙare yana faɗa da fasinja a kan canji. Rota tana sama tana tafiya, ni kuma zumuɗi ya kwashe ni, na ɗaga hannu ina cewa a hankali, a hankali, da Hausa ma kuwa, sai ka ce akwai mai ji. Ba ka ko kalle ni ba. Sai da muka tashi, muna jiran jirgi a Queens iskar kogi tana yanka mana kunne, sannan ka ce: “Sule, in kaya na sama hannunka ba naka ba ne, na direban kiren ne. Ko ƙuda ya sauka a hancinka, bar shi ya gama hutawa.” Na yi dariya, kai ba ka yi ba.

To wannan hannun ne yanzu yake motsi ba da izinina ba.

Za ka ce ai sai in ajiye aiki in huta, shekaru sun ja. Haka Nasiru ɗana yake faɗa duk ranar da ya kira daga Texas. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci, wai in yi ritaya in ji daɗin rayuwa. Wane daɗi? Tun da matata Hadiza ta rasu, kai kuma ka tattara ka koma gida, ɗakin nan na titin Grand Concourse ya zama wurin ajiye takalmi. In na dawo na kunna rediyo don dai a ji muryar mutum. Tuwo nakan tuƙa tukunya guda in ci har ya gundure ni. Ranar Juma'a a gaisa a ƙofar masallaci, kowa hannunsa a kan makullin mota, wannan zai koma tasi wancan zai koma shago. Ba laifinsu ba ne, garin ne haka. Amma a tasha, Yaya, in na shiga ana kiran sunana. Ba su taɓa faɗarsa daidai ba, Suli suke cewa har gobe, amma suna kira, kuma in ban zo ba za a tambaya. Ban da wani wuri a duk faɗin New York da za a tambaya.

Saboda haka na yi shiru. Ina shan magani, ina sa hannu a hammata in ana taron safe.

Wannan kakar aka kashe babban injin nan na bakin kogi, wanda kake kira Tsohuwa. Wajen fitar da rota ban sha wuya ba. Na riƙe rediyon oba-oba da hannu biyu na manna a ƙirji, na ba Ramon umarni da baki. Ramon ɗinka dai, ɗan Dominika, har yanzu shi ne a kiren, har yanzu yana cin ayaba soyayyiya a ɗakin tuƙi ko da an hana. Ta fito lafiya, aka kai ta aka sake mata wasu fukafukai, aka dawo da ita tana ƙyalli. Na ce wa raina ka gani, ba wanda ya lura.

Amma ka fi kowa sanin fitarwa daban mayarwa daban. In ta zo dab da mazauninta ba a yarda da oba-oba, don kafin magana ta fita baki ta isa kunne ta zama motsi, an makara. Sai yatsu. Ka haɗa babban yatsa da manuni sau ɗaya, ya sauke ta kaurin farce, ya tsaya. Ka sake haɗawa, ya sake. Haka har ta kwanta.

Ranar Alhamis da safe muka zo mayarwa. Muka zazzage aljihu a bakin shinge yadda aka saba, don kada ko kwabo ya faɗa cikin injin. Na ajiye carbina da zobena. Na duba igiyoyin ƙarfe da kaina, na duba daidaiton kaya, ta tashi sak ba karkata. Aka kawo ta bisa injin. Ɗakin nan da kullum sai ka yi ihu a ji ka, ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kiren. Mutane suna durƙushe a kowane gefe da tocila suna leƙen rata, wasu hannunsu a ƙarƙashin ƙarfen.

Na ɗaga hannu. Na haɗa yatsu sau ɗaya, ta sauka. Na sake, ta sauka. Ina cikin duba gefen hagu, ban ba da umarnin komai ba, sai na ji ƙarar birkin kiren ya saki ya kama. Na dubi hannuna. Yatsun suna haɗuwa da kansu.

Ba ta taɓa komai ba, Yaya. Kaurin farce ne, kuma da sauran wuri. Ba wanda ya ɗago kai. Da na so, sai in dunƙule hannun in ja numfashi in ci gaba, wataƙila ma mu gama lafiya. Wallahi na yi wannan tunanin, kuma ya yi mini daɗi. Sai idona ya sauka a kan hannun wani bawan Allah da ke tsugune, yatsunsa a bakin boris inda rota za ta kwanta, yana jiran in ajiye masa wannan dutsen ƙarfe a gefensu.

Na buɗe hannuwa biyu na ba da alamar tsayawa. Ka san dokar, ko mai shara ne ya ba da ita sai a tsaya, kuma ba a tambayar dalili da faɗa. Komai ya tsaya, rota tana rataye. Dogo foman ya taho yana duba igiyoyi, yana zaton wani abu na gani. Na miƙa masa hannun a gaban kowa, yana ta kaɗawa kamar ganye, na ce masa wannan hannun ba zai ƙara ba kiren umarni ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kira Denise. Ka bar ta tana koyo, yanzu ta goge, ta fi mazan wurin natsuwa. Na cire rigar mai ba da umarni na ba ta, na koma bayan shinge na tsaya inda baƙi ke tsayawa. Daga nan na kalli Tsohuwa ta karɓi rotarta, ko ƙwarzane babu. Aka yi tafi ana bubbuga kafaɗar Denise, kuma ta cancanta. Ni ma na tafa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tafin ba, har ranar da muka dawo daga binne Hadiza, don ran nan kana gefena.

A ɗakin sauya kaya Ramon ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce tun ranar fitarwa ya gani daga sama, yadda na rungume oba-oba. Ya ce ya kwana biyu yana shawarar ya gaya wa Dogo, amma ya ga gara ya fito daga bakina, kuma yau da bai ga alamar tsayawa ba da shi zai tsayar da kansa. Ya miƙo mini ayabarsa. Na ci, ko da ka san ban taɓa sonta ba.

Jiya Dogo ya kira ni ofis. Ya ce ba za su kore ni ba, akwai kujerar bakin shinge. Ka gane wadda yake nufi. Mutumin da ke zaune da tebur yana sa mutane su zazzage aljihu, yana duba sufana nawa ta shiga nawa ta fito. Kujerar da muke tsokanar tsoffi da ita, kai da bakinka ka ce gara ka je ka yi kiwon kaji da ka zauna a kanta, kuma ka cika maganarka. Ya ce in yi tunani zuwa Litinin.

Na yi tunanin gida. Na kwanta ina ƙirga waɗanda za su gane ni a Zariya in na sauka, ban da kai da Yaya Asabe sai na ga yawancinsu suna maƙabarta. Hadiza kuma tana nan kwance a New Jersey, in na tafi ba mai zuwa ya tsaya a kanta. Kai ka yi dabara ka koma da sauran ƙarfinka, kana da inda za ka koma. Ni na daɗe ina cewa baɗi.

Zan karɓi kujerar, Yaya. Na so ka ji daga gare ni kafin wani ya kai maka da dariya. Ba don albashi ba ne, kuma ba don ina ganin girma a ciki ba. Tsoron ɗakin nan nake ji. Gara in zauna ina leƙa aljihun mutane ana ce mini Suli, da in wuni ina kallon bango har magariba. In za ka yi mini tsiya ka yi, na ba ka dama, kai kaɗai. Amma in ka gama, ka gaya mini gaskiya yadda ka yi da safiyar farko da ka farka ba mai jiran hannunka. Ba ka taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, sai yanzu da nake bukata.

Ina kewarka ƙwarai. Ban taɓa faɗa maka da baki ba, kuma in ka bugo waya zan musa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sassauta maka gwiwa, Ya raya zuri'a. Allah Ya jiƙan Hadiza da iyayenmu. Allah Ya tsare duk wanda ke tsugune a ƙarƙashin kaya, Ya daidaita hannun da ke ba da umarni a kansa. Ni kuma ka roƙa mini haƙuri, ka sa Yaya Asabe ma ta roƙa. Allah Ya sa mu gana da alheri, a nan ko a can.

In an ga kurakurai a rubutun a yafe mini. Da hagu na yi shi, ban saba ba tukuna.

Naka har kullum,
ƙaninka Sule,
daga Bronx.