Minti Hamsin Tsakanina da Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ƙafarta? Ya yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba.

Ni ƙalau nake, kada ku damu. Ina nan ina lodin jakunkuna a filin jirgi, ciwon bayan ma da sauƙi.

Kin tambaye ni a waya abin da ya hana ni zuwa. Yaya, daga ɗan filin jirginmu zuwa naku kilomita ɗari huɗu ne, minti hamsin kacal a sama. Amma jirgin ranar Laraba kaɗai yake tashi, kujerunsa goma sha tara. Da kika ce jikin Baba ya tsananta, na roƙi mai sayar da tikiti. Ta ce, "Wallahi ya cika, sai wani makon." Hanyar mota kuwa ruwa ya yanke ta. Da hannuna na loda kayan mutane, na rufe ƙofa, na tsaya ina kallo har jirgin ya ɓace. Washegari kika kira ni kina kuka.

Na samu kujera a jirgi na gaba. Don Allah kada a naɗe tabarmarsa sai na iso. Ki ce wa Inna ta yafe mini.

Ƙanenki.