Ranar da Aka Binne Littafina

Ashdod

Yaya Perla,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar nan, ta sake ki? Ina fatan Moris da yara suna lafiya, kuma sanyin Marseille bai dame ku ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba: za a binne littafina. Kamfanin da ya buga shi ya ce kwafin da suka yi kwantai sun cika masa sito, zai niƙa su a yi kwalin ƙwai. Har na ce su niƙa, sai na tuna shafin da na sa addu'ar kakarmu, inda na rubuta Sunan Ubangiji cikakke. Ni da ko hutun ranar Asabar ba na kiyayewa, sai ga ni ina hana su niƙawa.

Kin san takarda mai Sunan ba ta zuwa shara, sai kabari. Kin kuma san mai binne tsofaffin littattafan majami'armu ta Yahudawa: Abba. Tun fitowar littafin bai ƙara kiran sunana ba, wai na jefa Mai Tsarki cikin tatsuniya. Ta bakin mahaifiyarmu Imma na roƙe shi, ya amsa da ka. Tsoro nake ji, Yaya, kada ya binne littafin ya haɗa da ni.

Ƙanwarki,
Zehava

Ashdod

Yaya Perla,

Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Imma tana gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwa a kan ƙafar nan.

An yi jana'izar. Littattafan addu'a na mutane duk sun yage, da tabon giyar inabin ibada da ɗigon kyandir. Nawa kuwa fes, ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Kunya ta kama ni. Abba ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ce wa mai haƙa, ba ni ba: "Waɗancan tsufa ya kashe su. Wannan ko rayuwa bai fara ba." Ya zura shi a aljihun kwat. Sauran aka rufe su da ƙasa.

Bayan nan Imma ta yi ta kawo mini rahoto: yana karantawa, yana tsaki, yana juya shafi.

Ranar Juma'a da dare na je gida cin abincin shigowar Asabar. Muna cikin cin kifin nan na Imma mai barkono, Abba ya ajiye burodi, ya ce, "Zehava, marubuciyar kirki, addu'ar uwata kin tsallake layi guda." Ya karanto shi da muryar kaka sak.

Na ce ban ji ba, ya faro daga farko. Layin kam na ji shi sarai, Yaya. Kalmar farkon nan, sunana, nake so ya sake faɗa, kuma ya faɗa.

Ki sumbaci yara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Zehava