Cukun da na ɓoye wa Anti Rabi

Laraba da dare, Doha

Yau na yi abin kunya, kuma wai a kan cuku.

Tunda na zo garin nan nake neman cukun cheddar irin wanda na saba ci lokacin karatuna a Ingila, mai ƙarfin nan da ke ɗan cizon harshe, yana marmashewa in an yanka. Duk wanda na saya sai in ji kamar roba nake tauna. Yau na same shi a wani kanti a Abu Hamour, ɗaya tak ya rage.

Na yanka ke nan, ko baki ban kai ba, sai na ji sallamar Anti Rabi maƙwabciyata. Wallahi ban san lokacin da na tura farantin ƙarƙashin kujera ba. Ni da Inna ta koya wa cewa ko ruwa kike sha baƙo ya shigo, sai kin ce masa bismillah!

Ashe dambun nama ta kawo mini, ragowar wanda ta zo da shi daga Kano. Ta ce, "Na san kina so, na kasa cinyewa ni kaɗai." Muna hira warin cukun ya cika falo, ni kuwa sai ƙara turaren wuta nake.

Da na raka ta ƙofa, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, ki ciro farantinki kafin tururuwa su riga ki. Ni dama cuku bai dame ni ba."

Yana nan cikin firij, na kasa taɓa shi. Dambun ma na kasa buɗewa.