Ba Zan Bar Karatu Don Na Faɗi Sau Ɗaya Ba

Zuwa ga Yaya Mariyama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya maigida da yara, yaya jikin Inna? Ni ma lafiya lau nake nan garin Villeurbanne inda nake karatu, alhamdu lillahi.

Na san kun ji na faɗi a exposé ɗina na farko, wato jarrabawar yin bayani gaban aji. Gaskiya ne. Na tsaya gaban aji, na yi bayanina, malamin ya ce ko rabi bai ji ba. Kawu Isufu ya kira ni daga Sevran, ya ce: "Tattaro kayanki ki zo ki riƙe mini shago, magana gaban Turawa ba taki ba ce." Na ce: "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan zo ba."

Na roƙi wasu 'yan ajinmu, na sake yi a gabansu, suka ɗauke ni bidiyo. Ɗayarsu, Camille, ta ce: "Kin san aikinki, amma da ƙasa kike magana." Da na kalli bidiyon na ga gaskiyarta: kaina sunkuye, kamar ina gaban Baba. Ban yar da kunyar gida ba, amma aji ba wurinta ba ne. Muka yi ta maimaitawa, suna gyara ni, ina gyara su.

Jiya na sake tsayawa, na dubi malamin ido da ido har na gama. Na ci.

Ki faɗa wa duk mai jiran komowata Damagaram, ba inda za ni sai da diplom a hannu. Ku sa ni cikin addu'a. Ki gaida Baba da Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza