Haihuwar Ɗaya ga Janairu

Yamai, 3 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Malbaza. Na ba Sabi'u direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce.

Ka tuna jinin da na ɗiba a garejin Alhaji Maikano, naka da na abokan aikinka direbobin siminti, ku arba'in? Sakamako ya fito. Kamar yadda na gaya maka, akwai wasu alamomi a ƙwayoyin jini da ke canzawa yayin da mutum yake tsufa, da su muke ƙiyasta shekarun jiki. Takardar haihuwarka ta ce shekararka hamsin da biyar. Jininka ya ce sittin da huɗu. Kusan dukanku haka ne, jiki ya yi wa takarda nisa.

Malamina murna yake yi. Ya ce mun gano tuƙin dogon zango yana tsofar da mutum da wuri, kuma irin wannan rata tana tafiya da ciwon zuciya. Yana so in rubuta a buga. Ni kuwa tun da na ga naka na kasa cin abinci. Tsoro nake ji, Baba. Don Allah ka je likita ya duba ka, ka rage tafiyar nan.

Ɗiyarka mai biyayya,
Surayya

Malbaza, 9 ga Maris

Ɗiyata Surayya,

Ina gaishe ki, Allah shi yi miki albarka. Kowa lafiya lau. Ki zauna ki ci abincinki, zuciyata ta fi injin motata lafiya.

Na'urarki ba ta yi ƙarya ba, takarda ce maƙaryaciya. Ke da kika ƙare rayuwarki a lakwal kina karatun boko, ba ki lura mu talatin da wani abu duk ranar ɗaya ga Janairu aka haife mu ba? Ko kin zaci uwayenmu mata ne suka haɗa baki?

Ga yadda abin yake. An haife ni a Badaguishiri shekarar da Nasara suka miƙa mulki, lokacin yankan gero. Goggonki Hindu tana Illela da ranta, ita ta goya ni, ki tambaye ta. Ina da shekara talatin na bar gona na taho neman tuƙi, masu motoci kuwa ba su koya wa mai talatin. Sai na tafi neman takardar haihuwa, mai rubutu ya dube ni ya ce nawa nike so, na ce ashirin. Ya rubuta, ya sa ɗaya ga Janairu yadda yake sa wa kowa. Haka kowa ya yi, wani ya rage biyar, wani takwas, ni na yi zari na rage goma. Shekarata sittin da biyar.

Yanzu ki saurare ni. Dokar Alhaji, wanda ya cika sittin ba ya riƙe sitiyari, wai masu asirans, wato inshorar mota, ba su yarda. In kika rubuta takardunmu na ƙarya ne, ba sai kin faɗi suna ba. Shi ya ba ki rumfa da kujeru, ya san wa da wa aka soka wa allura. In an ce tuƙi ya tsofar da mu, tausayinmu za a ji. In an ce mu tsofaffi ne, kora ce. Shekara talatin da biyar ban taɓa kaɗe ko akuya ba, kuma ba ɗigon jini ne za ya sauke ni daga mota ba. Ki bar malaminki da murnarsa, ki yi shiru.

Mahaifinki,
Ishaku

Yamai, 16 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Na karanta takardarka na yi dariya, na yi hamdala da lafiyarka, sannan na yi kuka.

Ban taɓa yi maka musu ba, yau zan yi. Ba zan yi shiru ba. Abin da aka buga, da shi likitoci za su riƙa aiki. Za a tsorata direba mai ƙuruciya da ciwon da ba shi da shi, kuma duk wanda ya zo bayana ya auna mutanenmu, a kan ƙaryata zai ɗora nasa. Na gaya wa malamina takardun ba abin dogaro ba ne. Ya ɓata rai, ya ce in babu shekarun gaskiya, aikina na shekara biyu ya zube. Na ce ya zube.

Ba zan kai sunanka wurin Alhaji ba, amma hannuna ba zai rubuta hamsin da biyar ba. Ƙarshen wata rahoto zai isa garejin, kamar yadda na yi masa alkawari tun farko. Na gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani. In ka yi fushi da ni, ka yi, ni dai ɗiyarka ce.

Saura kaɗan in rubuta "ki gaida Inna", sai na tuna kai nake rubuta wa. Hankalina ba ya jikina. Ka gaishe ta.

Surayya

Malbaza, 24 ga Maris

Surayya,

Gaisuwa. Na yi fushi kwana uku, innarki shaida ce.

Ran na huɗu na ce ba takarda daga Yamai za ta tona ni ba. Na sauke siminti a Konni, na dawo, na tarar da Alhaji cikin mutane. Na ce masa, "Alhaji, shekarata sittin da biyar. Ka kawo mai talatin ka gwada mu, ido da hannu da hanya." Bai gwada ba. Ya sunkuyar da kai ya miƙo hannu, na ba shi makullin.

Na bi abokaina gida gida. Mutum goma sha ɗaya sun yarda su faɗa miki shekarunsu na gaskiya, kowa da tsohuwar da za ta shaide shi. Sauran sun daina gaishe ni. Aikinki ba za ya zube ba.

Ki taho ran Juma'a da littafinki. Kada ki taho mini da kuka.

Mahaifinki,
Ishaku